Idan aikin ya biyo mu gida, wa muke faɗa wa?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku gafarce ni da tsawon saƙo, sau uku ina rubutawa ina gogewa.

Shekarata biyu da 'yan watanni ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Bradford, ɓangaren masu cutar mantuwa. Akwai wata tsohuwa da ta haura 90. Mutuniyata ce sosai, in na kai mata shayi sai ta riƙe min hannu ta ce in zauna. Amma da an ce wanka sai ta koma wata daban: ihu, yakushi, duka. Makon jiya ta kafa min farce a damtse sai da jini ya fito. Na cike fom, nas ta manna min filasta, na wuce ɗaki na gaba, don mu biyu ne a bene kuma mutum goma sha huɗu na jiran a tashe su.

Ran Asabar 'yarta ta zo ziyara, ta ga filastar ta tambaye ni. Da na gaya mata sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce mahaifiyarta na cikin yaran da aka kwashe daga birane a 1939 da yaƙi ya tashi, aka rarraba su gidajen mutanen da ba su sani ba a ƙauyuka. Shekararta shida a lokacin. Abin da ya same ta a gidan da aka kai ta ba ta taɓa faɗarsa duka ba, amma 'ya'yanta sun taso sun san ba a taɓa ƙofar banɗaki in tana ciki.

Tun ranar barci ya ƙaurace min. Ina ta lissafin sau nawa muka tsaya a kanta mu biyu, ɗaya na riƙe hannu ɗaya na cire riga, muna cewa yanzu za a gama.

An yi mana horo a kwamfuta kan kula da mutanen da suka ɗauko tabo a zuciya, awa ɗaya, na amsa tambayoyi aka ba ni satifiket. Amma daga ranar da na ji ciwon nan zuwa yau babu wanda ya ce min "ya kika kwana da abin nan?" Akwai wanda a wurin aikinsu ma'aikata ke zama su sauke wa juna irin wannan? Yaya kuke tsara shi? Ko kowa gida yake tafiya da nasa?

Abu_Hafsat_Leeds:
Wa'alaikumus salam. Sannu Maman Sadiq, Allah ya ba ki lada. Gida muke tafiya da shi. Ni wata ran in na sauka duti sai in yi minti ashirin a mota ban tayar da ita ba.

Hauwa_Coventry:
Wallahi kamar zuciyata kika leƙa. Ina nan ina jiran amsoshi.

Dan_Gwammaja:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni fa ina ganin kada mu ɗauko wa kanmu al'adar da ba tamu ba. Su mutanen nan komai sai an kafa kujeru an yi magana a kai. Mu da haƙuri aka raine mu, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki yi alwala ki kai wa Allah kukanki, gobe ki koma bakin aikinki. Neman halal ya kawo mu, kuma mun san da wuya kafin mu taho.

Anti_Talatu_Nas:
Maman Sadiq ƙanwata, ki fara riƙe wannan: ba ki sani ba. Haƙƙin gidan ne tun ranar da suka karɓi matar su zauna da iyalinta su tambayi tarihinta, su sa a kundin kulawarta. Ƙungiyar Alzheimer's Society na da wata 'yar takarda mai suna This is me da iyali ke cikewa, a rubuta sunan da mutum ya fi so a kira shi, abin da ke kwantar masa da hankali, da abin da ke firgita shi. Ki duba ko tana cikin fayil ɗinta. In babu, ki roƙi 'yar ta cike.

Na yi jinya shekara tara a Kaduna, goma a nan Glasgow, kuma na ga wannan ba sau ɗaya ba. Cutar mantuwa takan fara cinye sabon abu ta bar tsoho. Matar za ta manta ta karya kumallo, amma jikinta bai manta shekara shida ba. Lokacin da kika kama rigarta, ba ke take gani ba. Duk horon da aka yi muku a kan tambaya ɗaya ya tsaya: a daina cewa "me ke damun matar nan?" a koma cewa "me ya taɓa faruwa da ita?"

Ku gwada mace ɗaya da ta saba da ita, ba mutum biyu a kanta ba. Ki ƙwanƙwasa ko da ƙofar a buɗe take. Ki tsaya ta gabanta inda take ganin fuskarki. Ki lulluɓe ta da babban tawul mai ɗumi, kina goge sashe ɗaya sauran jikin a rufe, ki ba ta tsumman a hannunta ta fara da kanta. In ta ce a'a, ki fita ki dawo bayan rabin awa. Ba dole sai an sa ta ƙarƙashin shawa za ta tsabtata ba.

Batun ku ma'aikata kuma, kina da hujja. A Nuwamban 2022 gwamnati ta fitar da bayanin abin da kula da masu tabo a zuciya yake nufi a Ingila, da ginshiƙai shida. Na farko shi ne aminci, kuma a rubuce yake cewa har da na ma'aikata, na jiki da na zuciya. Ki buga shi ki kai wa manajarku.

Malam_Isa_Luton:
Ɗan Gwammaja ɗan'uwana, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Wace al'ada ce ba tamu ba? In aka yi rasuwa a Kano, kwana uku ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Me ake yi a wurin in ba rage wa mai rashi nauyi ba? Majalisar bayan isha'i fa, da hirar mata a tsakar gida? Muna da wuraren sauke kaya, tahowarmu nan ce ta raba mu da su.

Kuma ka tuna da wahayin farko. Manzon Allah (SAW) ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, ya ce wa Nana Khadija a lulluɓe shi, ya ba ta labari, ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu hawaye sun zubo masa a gaban sahabbai. Haƙuri shi ne kada ka yi wa Ubangiji ƙorafi a kan hukuncinsa. Ka gaya wa ɗan'uwanka abu ya yi maka nauyi, wannan bai taɓa haƙurinka ba.

Yagana_M:
Ban cika magana a nan ba amma yau zan yi.

Ana ta maganar tabon tsofaffi, namu fa? Ni a Maiduguri na girma. Na san ƙarar bom, na san yadda ake kwanciya a ƙasa a rufe wa yaro baki. Shekarata ta farko a nan babu wanda ya gaya min cewa ran 5 ga Nuwamba duk ƙasar ake wasan wuta. Ina duti na dare, ina tura keken magani tare da nas, sai na ji tas tas, sannan wata babbar ƙara a bayan gini. Ban san lokacin da na shige ɗakin ajiye zannuwa na durƙusa ba. Ƙararrawar ɗaki na bakwai na ta kaɗawa, ina ji, ƙafata ta ƙi tashi.

Wadda ta same ni wata 'yar Zimbabuwe ce da muke aiki tare. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta je ta amsa ƙararrawar, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ni ta miƙo min ruwa. Can ta ce ita ma akwai ƙarar da ba ta iya ji. Da na fito muka tarar da wani tsoho ɗan Landan a ƙarƙashin teburin cin abinci yana kiran mamarsa. Yaro ne lokacin da jiragen Jamus suka yi ta ruwan bom a 1940. Ni na shiga ƙarƙashin teburin na zauna da shi, don na san inda yake.

Tun daga nan ni da matar nan in ɗayanmu ta ce "ina buƙatar minti biyar", ɗayar ta riƙe bene ba tambaya. Manaja bai ma san muna yi ba.

Hauwa_Coventry:
Yagana kin sa ni kuka. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Baban_Khalifa:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da kowa ke kewayewa. Yawancinmu bizarmu a hannun mai gidan da muke wa aiki take. Ka zauna a taro ka ce ba ka barci, ka ce hannunka na rawa in za ka shiga ɗakin wane, gobe maganar na ofis. Jibi a ce ba ka iya aikin ba, a rage maka awoyi. In suka janye ɗaukar nauyinka kwana 30 gare ka ka samu wani ko ka tattara. Baki shi ke yanka wuya. Na ga wanda ya yi ƙorafi a kan ƙarancin ma'aikata, wata biyu aka daina sa shi a jadawali yadda aka saba. Bature abokin aikinka in ya gaji zai ajiye aikin ya tsallaka titi ya samu wani. Kai fa, da kuɗin makarantar yara da mutum goma a gida suna jiran ƙarshen wata?

Abu_Hafsat_Leeds:
Gyara kaɗan Baban Khalifa, kwana 60 ne ake bayarwa, ba 30 ba. Amma maganarka na nan daram.

Baban_Khalifa:
Na gode, 60 ne. Ko 60 ɗin ai ka san yadda suke gudu.

Zainab_Kofar_Mata:
Bari in faɗi yadda muke yi a wurinmu a Manchester, ko wani zai ɗauki abin ɗauka.

Mun fara ne bayan wani tsoho ya shaƙe da abinci a gaban wata yarinya sabuwar zuwa, ya rasu kafin motar asibiti ta iso. Washegari ta zo aiki tana ba mutane abinci hannunta na karkarwa, cokali na buga haƙoransu. Mu huɗu muka ce ba zai yiwu ba. Yanzu duk ran Laraba bayan an miƙa aiki ga 'yan dare, muna zama minti ashirin a ɗakin ma'aikata. A ɗora ruwan shayi, a rufe ƙofa, a kife waya.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Manaja ba ya shiga, kuma ba a rubuta komai, wannan ya amsa tsoron Baban Khalifa ko da rabi ne. Ba a katse mai magana. Ba a ce "ai da kin yi kaza". Wanda ba ya son magana ya sha shayinsa ya tashi, babu mai tsare shi. Tambaya ɗaya muke buɗewa da ita: wane abu ne a makon nan ya ƙi barinki? Wani lokaci kuka ake yi, wani lokaci labarin tsohuwar da ta tuna sunan jikarta ne, kowa ya ji daɗi.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne hana zaman komawa gulma da zagin ofis. Makonni uku na farko kusan abin da aka yi ke nan, jadawali, albashi, wance ba ta ɗaga nata aikin. Sai da wata 'yar Filifin da ta girme mu duka ta ce ƙorafin aiki a kai taron ma'aikata, nan wurin zuciya ne. Kuma na lura maza ba sa zuwa. Cikin maza biyar ɗaya ne ya taɓa zama.

Dan_Gwammaja:
Malam Isa na karɓi gyara a kan hadisi, Allah ya ƙara ilimi. Amma Zainab ta faɗi dalilina da bakinta. Ni ba zan zauna gaban matan da nake aiki da su ina cewa na ji tsoro ba. Akwai abokina ɗan Zariya da ke aiki a Hull, kusan kullum in na fito muna waya har in isa gida. Shi nake gaya wa. A wurin aiki dai a'a.

Anti_Talatu_Nas:
Ɗan Gwammaja, abin da kake yi da abokinka shi ne ake magana, wuri ne kawai ya bambanta.

Zainab, abin da kuka ƙirƙiro ya yi kama da wanda asibitoci da dama ke yi a nan, zaman Schwartz. Sunan wani lauya ne ɗan Boston da ya rasu da kansar huhu a 1995, ya bar wasiyyar a kafa cibiyar da za ta kula da tausayi tsakanin masu jinya da marasa lafiya. Sau ɗaya a wata ake zama na awa guda, daga likita har mai shara, mutum biyu ko uku su ba da labari, kuma ba a zo warware matsala ba, an zo a ji juna ne. Akwai kuma TRiM da sojojin ruwan Birtaniya suka fara: a horar da abokin aiki, in wani mummunan abu ya faru ya zauna da kai bayan kamar kwana uku, ya sake dubo ka bayan wata ɗaya.

Amma ku kula da abu ɗaya. Kada a tara mutane ranar da abu ya faru a matsa musu kowa ya kwashe abin da ya gani dalla-dalla. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2018 ta ce kada a yi irin wannan zaman da sunan riga-kafi, don bai hana ciwon ba. Kuma ku abokan aiki ne, ba likitoci ba. In an wuce wata guda mutum na mafarkin abin, yana zabura, yana guje wa ɗakin, sai a raka shi wurin GP, wato likitansa na unguwa. A Ingila mutum na iya tura kansa NHS Talking Therapies, wato sashen jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa na hukumar lafiya, ba sai likita ya tura shi ba, kuma kyauta ne. In dare ya yi nisa babu wanda za ka kira, ƙungiyar Samaritans mai sauraren masu damuwa na ɗauka a 116 123 ko ƙarfe nawa ne.

Admin_Sani:
Tunatarwa jama'a: kada a rubuta sunan tsoho, sunan gida, ko a turo hoto. Mun haura mutum ɗari uku a nan kuma ba kowa muka sani ido da ido ba. Sirrin mutanen nan amana ne, kuma wannan kaɗai ya isa a kori mutum daga aiki. Zuwa yanzu kowa ya kiyaye, mu ci gaba a haka.

Rahila_Jos:
Ni mutuwa ce ta fi tsaya min. Na zo tun kafin korona a matsayin matar ɗalibi, ina aiki a 2020 lokacin da cutar ta shiga gidajen tsofaffi. Tsakanin Maris da Yuni kaɗai kusan mutum 20,000 mazauna irin waɗannan gidaje suka rasu da ita a Ingila da Wales. A benenmu akwai makon da muka rasa biyar. Iyali ba sa shigowa, ni ke riƙe waya a kunnen mutum 'ya'yansa na masa ban kwana.

Amma ko yanzu da babu annoba, ku duba yadda abin yake. Ka shekara uku kana ba mutum abinci a baki, ka san yadda yake son matashinsa. Ya cika da asuba. Ku gyara shi, ku taje masa kai, wata ta buɗe taga kamar yadda tsofaffin nas-nas na nan ke yi. Masu ɗaukar gawa su zo su fita da shi. Kafin mako ya zagayo an cire sunansa a ƙofa, an sa wani. Babu mai yi maka gaisuwa, don kai ba dangi ba ne. A gida ko maƙwabcinka ne ya rasu sai an ce maka "ya haƙuri".

Yanzu ni da kaina nake yi. Duk wadda tsohonta ya rasu, ko Baturiya ce, sai na je na riƙe hannunta na yi mata ta'aziyya. Ta farko da na yi wa ta tsaya tana kallona, sai ta fashe da kuka, ta ce shekara goma sha ɗaya tana aikin ba a taɓa ce mata haka ba.

Sadiya_B:
Akwai wanda ba a taɓo ba. Tsohon da zai kalle ka ya kira ka da sunan da ba zan iya rubutawa ba, ya ce kada baƙin hannu ya taɓa shi. In ka kai ƙara a ce ai ciwo ne, ba ya cikin hayyacinsa, kada ka sa a rai. Na yarda ciwo ne. Amma kunnena lafiyarsa ƙalau, kuma sau shida a rana nake shiga ɗakin. A fahimci tabonsa, ni kuma wa zai fahimci wanda yake yi min? In za a yi zaman da Zainab ta faɗa, sai an yarda a faɗi wannan a gaban Turawan da muke aiki tare ba tare da sun fara kare shi ba.

Zainab_Kofar_Mata:
Sadiya, ya taso a namu kuma zaman ranar bai yi daɗi ba. Wata ta ce ba ta taɓa lura ba, alhali a gabanta ake yi. Abin da muka samu dai shi ne yanzu ana karɓa-karɓa da ɗakin, kuma duk wadda ke tsaye in ya faɗa sai ta ce masa a nutse ba a faɗar haka a nan. Bai daina ba.

Musa_KD:
Salam, don Allah ni ina Kaduna, wani ya ce zai samo min takardar aikin kula da tsofaffi in na biya. Gaskiya ne?

Abu_Hafsat_Leeds:
Musa kada ka ba kowa ko sisi. An buɗe hanyar a Fabrairun 2022, a Maris 2024 aka hana zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbin ma'aikatan kula daga waje. Wanda ya ce zai sayar maka da ita yanzu cutarka zai yi.

Hajiya_Binta_Brum:
Mu dawo kan maganar Maman Sadiq. Ni mataimakiyar manaja ce, na fara daga goge ƙasa da canja zani kamar kowa, don haka ku ji ta ɗaya ɓangaren.

Ina goyon bayan zaman ɗari bisa ɗari, amma abu biyu. Na ɗaya, kada ya zama mayafin da za a rufe ƙarancin ma'aikata da shi. Mutum biyu a kan goma sha huɗu masu cutar mantuwa da safe, wace nutsuwa za a samu ta fita a dawo bayan rabin awa? Gaggawa ce ke sa a riƙe hannun tsohuwa. Shayi da hira ba za su gyara wannan ba, sai an rubuta, an kai sama, an shiga ƙungiyar ƙwadago irin su Unison. Kuma zaman ya kamata ya kasance cikin lokacin da ake biya. Wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye ba a ce ya ƙara minti ashirin kyauta don ya warkar da abin da aikin ya ji masa.

Na biyu, Zainab, sirrin zamanku yana da iyaka, kuma ku faɗa wa kowa tun farko. In wata ta ce ta ga ana cutar da tsoho, ko ita ta mare shi don ta ƙule, wannan ba ya tsayawa a ɗakin shayi. Dole a kai rahoto, in gida ya ƙi ji akwai ƙaramar hukuma da CQC, hukumar da ke sa ido a kan gidajen kula, kuma doka ta 1998 ta kare mai fallasa. Na san Baban Khalifa zai ce doka daban, abin da ke faruwa daban.

Baban_Khalifa:
Haka zan ce Hajiya. Amma na ji daɗi da akwai irinku a ofis.

Maman_Sadiq:
Hajiya gabana ya faɗi. Riƙe hannun da muka yi ya shiga cikin abin da kike faɗa?

Hajiya_Binta_Brum:
'Yata kwantar da hankalinki, amma kada ki bar shi a baki. Dokar 2005 kan mutanen da ba sa iya yanke wa kansu hukunci ta ce ba a riƙe mutum sai don kare shi daga cutarwa, kuma gwargwadon buƙata, bayan an nemi hanya mafi sauƙi. Ki rubuta wa nas da manaja abin da 'yar ta gaya miki da yadda ake yin wankan, ki nemi a sake duba kundin kulawarta. Ki ajiye kwafi. Wadda ta kawo magana don a gyara ba ita ce mai laifi ba.

Inna_Asabe:
Ina karanta ku ina tuna ƙanwata a Funtuwa. Shekara huɗu tana jinyar surukarta mai gigin tsufa, ita kaɗai, ba duti ba sauka. Tsohuwar na zaginta tana cewa ta sace mata zani, dangin miji na cewa ba ta kula da ita. Ba ta da ko wanda zai ce mata ciwo ne. Daren nan zan kira ta, na daɗe ina tambayarta jikin Inna ban tambayi nata ba.

Maman_Sadiq:
'Yan'uwa na dawo, kwana biyar ke nan. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Na rubuta kamar yadda Hajiya ta ce. An kira 'yar ta cike takardar, an canja kundin: mace ɗaya, ba shawa. Ran Talata na gwada yadda Anti Talatu ta faɗa. Na ɗumama tawul a kan hita, na ƙwanƙwasa, na ba ta tsumma. Ta goge fuskarta da wuyanta da kanta tana kallona. Da na kai hannu bayanta ta ƙanƙame tawul ɗin ta ce a'a, sai na tsaya. Na dawo bayan shayin ƙarfe goma ta bari na gama. Jiya kuma ta ƙi gaba ɗaya har da ihu, don haka ban ce an warke ba. Tun da aka mayar da agogo baya duhu ke shigowa da wuri, duk benen a rikice yake da yamma.

Batun zama, manaja ta ce ra'ayi ne mai kyau amma babu kuɗin biyan lokacin, in muna so mu yi bayan mun sauka. Na gaya wa mutum shida, biyu suka tsaya. Ɗayar ita ce wadda muke riƙe tsohuwar tare. Ashe ita ma tun da ta ji labarin ba ta barci, kowaccenmu na zaton ɗayar ba ta damu ba. Mun kusa awa ɗaya, na rasa bas ɗina.

Ban sani ba ko in ci gaba a haka ba biya, ko in tsaya sai sun yarda kamar yadda Hajiya ta ce.

Zainab_Kofar_Mata:
Ki ci gaba. Mu wata bakwai muka yi kafin su sa shi a jadawali.

Baban_Khalifa:
Ni kuma ina ganin in kun fara kyauta a haka za a bar ku.

Yagana_M:
Laraba mai zuwa 5 ga Nuwamba, daren wasan wuta, kuma an sa ni dare. Abokiyata ta koma wani gida a watan Agusta. Akwai wanda zai kasance a farke tsakanin bakwai da sha ɗaya in na turo saƙo?

Rahila_Jos:
Ina hutu ranar, wayata na hannuna. Ki rufe labulen falo tun shida, ki kunna musu rediyo.

Dan_Gwammaja:
Ni ma ina dare ranar. Ki turo nan, za mu gani.